Waƙar da Na Sauya wa Riga

Jama'a a ba da hanya, ga gimbiyar masu kunne, ɗalibar jami'a mai nazarin yadda sautukan kiɗa ke jituwa! Ko ƙofa ta yi ƙara sai ta gaya maka sautin da ta hau. Ni da na yi sallama da boko tun a sakandare, aurenta na zo nema, da waƙa a bakina.

Na same ta ita kaɗai gaban fiyano. Na gyara murya na fara. Ban kai rabi ba ta ɗora yatsu, duk inda zan karya murya sai ta riga ni. Na ce a raina, shi ke nan, jini ya haɗu.

Sai ta tsaya, ta dube ni kamar ta ga ƙuda a kofi.

"Wannan ai ita ka tura wa ƙawata bara. Da ita na yi aikin aji, na warware ta gaɓa-gaɓa."

"Haba, ranki ya daɗe, baitukan fa sababbi ne! Har sauri na ƙara mata."

Ta rufe fiyanon, ta goge yatsunta da gefen mayafi.

"Riga ka sauya mata, jikin na nan. Tun wancan karon ma malaminmu ya ce ba daɗi. Ja mini ƙofar."