Rabin Ƙwaya Ga Ƙaton Mutum

Tun da aka rufe ramin haƙar yuraniyom ɗin da yake wa tuƙi a Arlit, Khalidu ya daina magana. Ƙato ne, wanda a da in ya yi dariya sai an ji a gida na uku. Yanzu kuwa sai ya wuni a gindin bango yana kallon ƙasa, ba ci ba wanka, ko 'yarsa ta hau cinyarsa ba ya ɗaga ido.

Matarsa Lalla ta aika wa yayansa Amumun, makiyayin raƙuma a Gugaram. Ya bar garkensa a hannun maƙwabci, ya zo suka kai shi asibiti a Agadas. Likitar ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, amma yana jin magani. Ta ce a fara da rabin ƙwaya kullum, in jiki ya saba ita da kanta za ta ƙara, kuma kada su sa ran ganin sauƙi kafin 'yan makonni.

Amumun ya yi godiya, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Mutumin da ya yi furfura yana ɗura wa dabbobi magani ya san da girman jiki ake awo: na akuya daban, na raƙumi daban. Ga ƙwaya ba ta fi ta dawa ba, wai kuma a raba ta biyu a ba wa mutumin da ya cika ƙofa. Ya ɗauka rowa ce irin ta ma'aikata.

Kwanaki suka shuɗe, Khalidu na nan a gindin bangonsa. Tausayi ya ci Amumun har ya kasa daurewa. Da yamma in ya dafa shayi, sai ya murƙushe ƙwaya biyu a kofin farko, ya cika sukari. Ran da Lalla ta gani, sai ta yi masa magana.

"Yaya, lokotoro fa ta ce rabi."

"Lokotoro ba ta taɓa ɗaga Khalidu ba," in ji shi. "Ni na goye shi, na san nauyinsa."

Kunyar yayan miji ta rufe mata baki. Khalidu ya shiga barci babu ƙaƙƙautawa, Amumun ya ce aikin magani ke nan, ya mayar da ƙwayoyin uku.

Wata safiya mai ruwa ya tsaya da amalankensa a ƙofar gida. Khalidu ya miƙe zai taya Lalla ɗaukar jarka. Jiri ya kwashe shi, ya faɗi, ƙeyarsa ta daki gefen dakalin siminti. Ya rayu, amma hannunsa na dama ya shanye.

A gaban likita Amumun ya faɗi abin da ya yi, Khalidu yana kwance yana ji. Daga baya aka sake faro maganin daga rabin nan da aka raina, a hankali damuwar ta yi sauƙi, magana ta dawo. Har wani mai motoci, Nomau, ya zo da kansa zai ba shi tuƙin kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa Tawa. Khalidu ya dubi hannunsa, ya ce a nemi wani.

Bai taɓa yi wa yayansa baƙar magana ba. Sai dai duk sa'ad da Amumun ya zo daga daji ya dafa shayi ya miƙa masa, yakan ce a hankali, "Na ƙoshi, Yaya." Amumun sai ya zauna riƙe da kofin har ya huce, wannan ya fi masa zagi ciwo.

Jama'a, maganin ƙwaƙwalwa ba da girman jiki ake auna shi ba, kuma ba ya aiki a kwana ɗaya. In likita ya ce a fara da kaɗan, a tsaya a kan kaɗan ɗin. In hankali bai kwanta ba a koma a tambaye shi, kada ƙauna ta sa mu nakasa namu da hannunmu.