Gidan da Babu Sukari

Lantana ta iso teburin Rabo mai shayi ko takalmi babu, tana haki.

"Malam Rabo, taimake ni da sukari. Maigidana ya faɗi."

Da safe mijinta Mas'ud ya yi allurarsa ta ciwon sukari, ya tafi gona bai karya ba. Yanzu an dawo da shi a amalanke, gumi ya jiƙe shi sharkaf, hannuwa na rawa, magana ta sarƙe. Likitan garin Cadawa ya ce mata a waya sukarin jininsa ne ya yi ƙasa, ta jiƙa sukari ta ba shi tun yana iya haɗiya. To, gidan babu ko ƙwaya. Tun ranar da aka gano ciwon, ita da kanta ta hana sukari shiga gidan.

Rabo ya sunkuci gwangwanin sukari, suka ruga tare.

"Ai bai kamata ta kai haka ba," ya ce yana gudu. "Likita ya ce kada ya rabu da sukari a jikinsa. Ya san za ki yi faɗa, shi ya sa yake saya a wurina, yana ɓoyewa cikin hularsa. Kin duba hular?"

Lantana ta ƙara gudu.

Tun da asubar ranar, kafin ya fita, ta gano ƙullin sukarin a cikin hular. Ta watsa wa awaki, ta mayar masa da hularsa kan tabarma, tana murna ta ceci mijinta.