Ƙofar Da Ya Kulle Da Hannunsa

Tunda ka karɓi aikin nan, ɗana, zauna ka ji wani misali. An yi wani mutum mai kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti. Duk sakamakon gwajin marasa lafiya yana cikin babbar kwamfutar da suke kira saba, shi kuma ta wani shafin intanet yake shiga ya ciro. Mutumin akwai taka-tsantsan. Tun bara ya ɗaure shafin nan tamau, ya ce kada ya buɗe wa kowa sai wanda ya zo ta layin intanet ɗin asibitin. Ya gama, ya manta.

Wata safiya ya zo shiga, shafi ya ce ba shi da izini. Ga wani dattijo a kan benci, ya taho daga ƙauye karɓar sakamakon gwajin matarsa, motar garinsu kuwa da la'asar take tashi, sai wata kasuwar kuma. Gogan naka ya ce ai shi ke nan, ɓarayin intanet ne. Ya canja kalmar sirri, shiru. Ya kashe saba ya kunna, shiru. Ya cire manhajar shafin ɗungurungum ya sake sakawa, ƙofa dai tana nan a rufe. Ita kuwa sabar, baiwar Allah, duk wanda ta hana shiga tana rubuta dalili, amma ina! Mai neman ɓarawo ina ya ga ta karatu? Dattijon nan kuwa sai kallon inuwa yake yi, yana auna kusantowar la'asar. Wallahi shi ne ya fi ba ni tausayi.

Da gajiya ta zaunar da mutumin, ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa kan sabon akwatin intanet a jikin bango. Ashe jiya asibitin ya canja kamfanin intanet, layi ya zama baƙo, sabar kuwa umarnin maigidanta take bi. Gyaran bai kai shan ruwa ba. Ya buga takardar ya fito da gudu, ya tarar da benci wayam, mota ta tashi da dattijo.

To ka ji. Kafin ka yi ihun ɓarawo, tambayi abin da ya canja a gidanka. Hausawa suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.