Mai Walda da Motar da Ya Mayar Rariya

Tunda ka ƙi zama, Malam Tanimu, to tsaya a tsayen ka ji. Ka ce gidan burodinka yana tafiya lafiya, sai dai na tsallaken titi ya fi ka ciniki da ɗan kaɗan, shi ne kake son ka rage sukari, ka rage mai, ka sallami mai kwaɓa ɗaya. Bari in ba ka misalin wani mai walda.

Mutumin nan irinka ne, ɗuwawunsa ba sa son benci. Wata rana a teburin mai shayi ya ga tsohuwar kalanda mai hoton motar tsere irin ta zamanin da: dogon hanci, tayoyi a waje tsirara, mazaunin mutum ɗaya, ba rufi ba ƙofa. Tun daga nan ya rasa sukuni. Ya shiga yawon kasuwar 'yan gwangwan yana tonon tulin ƙarafa kamar kaza a juji. Inji ya samo na wata tasi da ta yi hatsari, tayoyi na babur, sitiyari na matacciyar a-kori-kura, kujera kuwa ta wani mai aski ce da ya bar sana'a. Jikin motar durom ɗin mai ne ya tsaga ya daddaka har ya kwanta. Ƙashin bayanta, wato dogayen ƙarafa biyu da komai yake zaune a kansu, ƙafafun tankin ruwa ne masu kauri, sai da aka taya shi ɗauka. Unguwa ta yi masa dariya har ta gaji. Ranar da ya tayar da ita ya fito, ja wur, tana gurnani, waɗanda suka fi kowa dariyar su ne suka fi kowa bin ta a guje. Motar ta yi kyau, ni kaina na so a ce tawa ce.

A miƙaƙƙiyar hanyar bayan gari, inda 'yan acaɓa suke gwada gudu da yammacin Juma'a, ya tsere musu kaf, in ban da wani mai ƙaton babur da ya riga shi isa gindin kukar da ake tsayawa, da abin da bai fi taki ɗaya ba. Da wani ne da ya koma gida ya yi hamdala. Shi kuwa takin nan ya tsaya masa a rai, ya ce nauyi ne ya cuce shi. Ya cire madubi, ya cire hon, ya kwance fitila, ya yage soson kujera ya zauna a kan ƙarfe. Motar ta ƙara sauri, gaskiya ta ƙara, kuma nan ne masifar take, don da ba ta ƙara ba da ya haƙura. Da abin cirewa ya ƙare sai ya ɗauko injin huda ƙarfe. Ya huda abin taka birki, ya huda hannun giya, ya huda bayan kujera. Yana cikin cin tuwo sai ya ajiye loma ya tafi ya ƙara huda ya dawo. Ko a sahun salla tunanin inda ya saura yake yi. Ƙarshe ya kwanta a ƙarƙashinta ya ƙura wa ƙarafan nan biyu ido, ya ga duk motar ba abin da ya kai su nauyi, ya ce ai ga ɓarayin nan. Ya bi su da huda daga kai har wutsiya, rami kusa da rami. Matarsa ta leƙo ta gani ta ce, "Maigida, mota kake yi ko rariya?" Ya ce, "Ke dai bari Juma'a ta zo."

Juma'a ta zo, aka jera, aka sake su. Motar ta fita kamar an harba ta. Tun kafin rabin hanya ya wuce mai babur, har ya samu sararin waiwayawa ya yi masa dariya. Gab da kukar akwai ɗan tudun kwalbati, wanda motar ta sha hayewa ko gezau ba ta yi. Wannan karon tana dira sai ji kake ƙas, ƙashin bayan ya karye a tsakiya. Gaba ya yi cikin gona, inji ya daki dutse ya fashe, baya ya tsaya a kan titi da shi zaune, sitiyari a hannunsa. Allah ya tsare, ƙujewa kawai ya yi. Mai babur ya iso, bai ma damu da kukar ba, ya taka birki ya ce, "Sannu, Oga, ba ka dai ji ciwo ba ko?" Wannan sannun ta fi ƙujewar zafi.

Aka kwaso ta a kura aka kai masa gida. Ya ce ai shi mai walda ne, abin da ya karye sana'arsa ce. Ya kunna wuta ya shiga neman inda zai kama. Duk inda ya ɗora sai ƙarfen ya narke ya zarce cikin ramin kusa, ya matsa gaba, haka, ya koma baya, haka. Mutumin da yake liƙe ƙarfen gari guda bai bar wa kansa ko faɗin yatsa na lafiyayyen ƙarfe a motarsa ba. Ya kashe wutar, ya tsaya a kanta yana share ido da bayan hannu, kuma ba wanda ya huda ta in ba shi ba. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, a rasa ido.