Haƙoran Masaƙa

Tun da aka kawo sabuwar dokar inshora, duk haƙorin da kamfani ya dasa wa ma'aikaci na kamfani ne. Ranar da mutum ya bar aiki, ranar zai mayar. Mahaifin Nafi'u ya mayar da nasa watan jiya, da masaƙa ta sallame shi ta ɗauki ɗan a gurbinsa.

Yau da safe likitan masaƙar ya dasa wa Nafi'u turamen haƙori. An wanke su tas, amma a madubi ya hango jan goro a gindin ɗaya, alhali shi ko ɓarin goro bai taɓa ci ba. Ya gani sarai, ya koma bakin aikinsa.

Da yamma ya sayo tsire kamar yadda ya saba. Sai da ya kwance ƙunshin a gaban tsohon sannan ya tuna.

Mahaifin ya turo masa naman, ya jawo kwanon kununsa.

"Ci abinka. Ni ƙanshin ma ya ishe ni."

Nafi'u ya ɗauki yanka ɗaya yana taunawa a hankali, kai a sunkuye. Tsohon ya daɗe yana kallon muƙamuƙinsa.

"Koma ta dama," ya ce. "Na hagun nan yana riƙe nama."