Tambayar Kawu Likita

Ina 'yar shekara bakwai na taka fasasshiyar kwalbar lemo a bakin gadar Wudil, ina kallon manyan motocin siminti da suka cika hanya a zamanin kuɗin fetur. Inna ta saɓa ni a kafaɗa, jini na ɗiga, sai gidan yayanta, Kawu Likita. Shi ne ɗan unguwarmu na farko da ya zama likita, kuma ya yi aikin soja a yaƙin basasa.

Soronsa warin aidin yake. Ya wanke hannu, ya durƙusa a gabana, ya ce, "Yarinya, yaya sunanki?"

Inna ta fusata. "Haba Yaya! Kai fa ka sayi ragon sunanta. Jini take zubarwa!"

Ya danne ciwon da auduga, yana jira. Na faɗa masa cikin kuka. Ya maimaita a hankali, sannan ya ɗauki allurar ɗinki.

Yana ɗinki ya ce wa Inna, "A bakin daga yara da yawa sun cika a hannuna, ban san sunan ko ɗaya ba, balle in gaya wa iyayensu. Tun daga nan ba na yi wa mutum aiki sai na ji sunansa daga bakinsa."

Da tsufa ya cinye masa tunani, na je gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya sunanki?" 'Ya'yansa suka fashe da kuka. Ni kuwa na durƙusa na faɗa masa. Ya maimaita a hankali.