Tsohon Gadon Gefe

Makanikin ya haɗiye lomar ƙarshe, ya kamo hannun telar da ke ba shi abinci a baki. Ita ce ya fasa aura bara, ana gab da tsayawa gaban fasto. Tun da mota ta danne shi a gareji, babu mai leƙo shi asibiti sai ita.

"Ashe har yanzu kina sona," in ji shi. "Mu gyara mana."

Ta daɗe tana kallon yatsunsa, sannan ta zare hannunta.

"Yesu ya ce mu duba marasa lafiya. Bai ce mu aure su ba."

Ta ɗauki wani cokali, ta juya wajen tsohon da ke gadon gefe.

"Baba, buɗe baki."